Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Lasisi Da Kiyaye Haɗurra: Ku Shirya Wa Dattawan Direbobi Bita

Zuwa ga shugabannin hukumomin ba da lasisin tuƙi da na kiyaye haɗurra,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin koyar da tuƙi ne, kuma na rubuto ne a kan wasu mutanen da ba kasafai ake tunawa da su ba sai ranar da ɗayansu ya yi mummunan haɗari ya shiga labarai, wato dattawan da suka haura shekara 65 ko 70 kuma har yau sitiyari yana hannunsu. A irin wannan rana kowa yakan tashi da kumfar baki: a ƙwace lasisin tsofaffi, a sa musu jarrabawa, a yanke shekarun da mutum zai ajiye makulli. Bayan kwana biyu ƙura ta lafa, a koma gidan jiya. Roƙona gare ku shi ne ku kafa musu tsarin bita na dindindin, inda dattijo zai hau motarsa tare da ƙwararre, a zaga gari, a nuna masa inda tuƙinsa ya yi rauni, a koya masa abin da ya canza, ba tare da fargabar cewa daga nan za a raba shi da lasisinsa ba.

Maganar ba ta jiran gobe ba ce. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin 11 ne ya haura shekara 65 a duniya, kuma zuwa 2050 zai zama ɗaya cikin shida. Da yawansu tun suna samari suke tuƙi, kuma ba su da niyyar dainawa don kawai furfura ta fito.

Kafin a yi musu kuɗin goro, ya kamata a duba wa ke mutuwa a kan hanya da kuma dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Dattijo galibi ba ya tsere da kowa, yana ɗaura bel, yana gudun tuƙin dare da na ruwan sama tun kafin wani ya ce masa ya guda. Amma in aka zo lissafin mace-mace a kan kowace kilomita, sai a ga adadin tsofaffi ya yi sama, daga nan sai a yanke hukunci cewa su ne matsalar. Abu biyu ne ke kumbura wannan adadi. Na farko jiki. Karon da matashi zai fito daga cikinsa yana karkaɗe riga, shi ne zai karya haƙarƙarin ɗan shekara 80 ya kwantar da shi, wataƙila kwanciyar da ba zai tashi ba. Ke nan yawancin lokaci shi ne abin ya fi ci. Na biyu, duk direban da tafiyarsa ba ta da yawa a shekara, ko yaro ne ko babba, haɗarinsa a kan kowace kilomita yakan fi yawa, domin 'yan tafiye-tafiyensa duk a cikin gari ne, inda mahaɗar hanyoyi da cunkoso suke, kuma hannunsa yana yin sanyi saboda rashin yi. Dattawa da dama suna cikin wannan rukuni.

An gwada tilas a wurare da yawa, kuma sakamakon yana nan a rubuce. Finland ta daɗe tana tilasta wa tsofaffin direbobi binciken likita, maƙwabciyarta Suwidin kuwa ba ta yi. Da masu bincike suka kwatanta ƙasashen biyu a shekarun 1990, ba su ga wata riba da Finland ta ci a ɓangaren haɗarin direbobi ba, sai ma suka ga tsofaffinta sun fi mutuwa a matsayin masu tafiya a ƙasa da masu keke. Denmak ta ƙara gwajin ƙwaƙwalwa a kan binciken likita a 2006. Nazarin da ya biyo baya bai nuna raguwar munanan haɗurran tsofaffin direbobi ba, amma ya nuna ƙaruwar tsofaffin da ake kashewa suna tafiya a ƙasa ko a kan keke, kuma a 2017 ƙasar ta soke binciken dole da ake yi saboda shekaru kawai. A Ostareliya ma, jihar New South Wales tana da gwajin dole, jihar Victoria ba ta da shi, kuma kwatancen da aka yi tsakaninsu bai nuna cewa tsofaffin direbobin jihar da ke gwaji sun fi tsira ba.

Dalilin bai yi mini wuyar fahimta ba, domin ina ganinsa a fuskokin mutane. Da zarar an ce jarrabawa, waɗanda ke fara janyewa su ne masu taka-tsantsan, musamman mata, waɗanda tuƙinsu lafiya lau yake amma suna tsoron a kunyata su a gaban jami'in da bai kai sa'an ɗansu ba. Sai su bar lasisin ya mutu, su koma tsallaka titi da ƙafa, inda babu ƙarfen da zai kare su. Shi kuwa mai taurin kai, wanda ya yarda cewa babu direba irinsa, zai zo ya daure na rabin awa ya ci jarrabawar, ya koma ya ci gaba da halinsa.

Kada a ɗauka ina cewa tsufa ba ya taɓa tuƙi. Yana taɓawa ƙwarai, kuma a hankali yake yi, shi ya sa mai shi ba ya lura. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. In fitilar motar da ke tahowa ta dalle shi da dare, yakan ɗauki lokaci kafin ganinsa ya dawo, alhali motar tana ta tafiya. Gani ta gefen ido yana raguwa. Wuya yana ƙagewa, ƙafa tana yin nauyi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka jinkirin rabin daƙiƙa kafin ƙafa ta isa birki daidai yake da tsawon motoci uku. Wurin da duk waɗannan ke haɗuwa su yi wa dattijo taron dangi shi ne mahaɗar hanya, musamman in zai karya kwana ya ratsa hannun motocin da ke tahowa. A nan ake buƙatar duba hagu, duba dama, auna gudun mai zuwa, lura da mai babur da mai tsallakawa, a yanke shawara, duk a cikin ƙiftawar ido. Binciken haɗurra a ƙasashe daban-daban ya sha nuna cewa a irin wannan wuri tsofaffi suka fi yin karo.

Na zauna kusa da wani dattijo da 'yarsa ta lallaɓo ya zo a duba tuƙinsa. Hannunsa a kan sitiyari abin sha'awa ne, giya tana shiga ba ka ji, tazararsa da motar gaba ba ta da abin gyara. Amma duk sa'ad da za mu fito daga ƙaramar hanya mu hau babba, sai in ga ƙwayar idonsa kawai ke motsi, kansa yana nan cak. Da na tambaye shi, ya ce wuyan ne ke riƙewa in ya juya sosai. Bai taɓa haɗa ciwon wuyan da tuƙi ba, ya dai san cewa kwanan nan motoci suna yawan “ɓullo masa daga sama”, 'yan baya suna ta danna masa hon. Muka ɗaga kujerar, muka buɗe madubin gefe, na nuna masa yadda zai dafa sitiyari ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya maimakon wuya kaɗai, da yadda zai tsayar da motar a miƙe a bakin mahaɗa domin kusurwar dubawa ta ragu. Kafin mu dawo ya fara ganin motocin tun suna nesa. Babu takardar likita ko tambayoyin kan kwamfuta da za su gano wannan. Sai an zauna a kujerar gefe.

Wani abin da ake mantawa shi ne, motar da ke hannun dattijo yau ba irin wadda ya koya da ita ba ce. Wanda ya karɓi lasisi a shekarun 1970 an koya masa cewa in zai tsaya da gaggawa ya riƙa taka birki yana saki, yana taka yana saki, don kada tayoyi su ƙame motar ta ja shi. A lokacin daidai ne. Yanzu motoci suna da birkin ABS, wanda tun 2004 kusan duk sabuwar motar da ake sayarwa a Tarayyar Turai da shi take fitowa, kuma shi da kansa yake yin wannan takawa da sakin sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Abin da ake so daga direba shi ne ya taka da iyakar ƙarfinsa, ya riƙe, ya ci gaba da juya sitiyari. In na kai dattijo fili na ce ya gwada, kusan kullum abu ɗaya ke faruwa: da ya ji birkin yana karkarwa ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ga ƙara kamar wani abu ya ɓalle, sai ya ɗage ƙafa da sauri ya dube ni, yana zaton ya lalata motar. Gara ya fara jin wannan karkarwa a fili, ina gefensa, da ya fara jin ta ranar da yaro ya faɗo masa titi.

Haka zaman kujera. Da yawa suna matsowa har ƙirji ya kusa taɓa sitiyari don su hango gaba, ba su san cewa jakar iskar da ke ciki tana fashewa da ƙarfin da zai iya raunata mai zama kusa ba. Ana son tazarar aƙalla santimita 25. Ga kuma masu komawa mota otomatik bayan shekara 40 suna taka kuloci, sau da yawa 'ya'ya ne suka saya musu don a sauƙaƙa musu, aka miƙa makulli ba tare da darasin ko awa ɗaya ba. Kuskuren taka totur a maimakon birki ba wasa ba ne. A watan Afrilun 2019, a unguwar Ikebukuro ta birnin Tokyo, wani mutum mai shekara 87 ya yi wannan kuskure, ya kashe wata mata da 'yarta mai shekara uku, ya raunata wasu. Su kuma na'urorin zamani masu ƙara in ka kauce daga layi, da masu taka birki da kansu, da kyamarar ribas, na ga dattawan da suka nemi a kashe musu su duka saboda “suna damun su”, alhali don irinsu aka fi buƙatarsu. Ba wanda ya zauna ya yi musu bayani.

Bitar da nake nufi ba sabuwar ƙirƙira ba ce. A Birtaniya, ƙungiyar kiyaye haɗurra ta IAM RoadSmart, wadda ta samo asali tun 1956, tana da irin wannan tsari ga dattawa: kusan awa ɗaya, a cikin motar mutum, a hanyoyin da ya saba bi, babu ci babu faɗuwa, a ƙarshe a ba shi rahoto ya riƙe abinsa. A Amurka, ƙungiyar dattawa ta AARP tana gudanar da kwas ɗin bita ga direbobi masu yawan shekaru tun 1979, kuma a jihohi da dama wanda ya kammala yana samun ragi a kuɗin inshora. A birnin Dortmund na Jamus an ɗauki direbobi masu shekara 70 zuwa sama, malaman tuƙi suka yi musu horo na awa 15 a wurare masu wuya, kamar manyan mahaɗu da canjin layi cikin cunkoso. Tuƙinsu ya kai matsayin na masu matsakaicin shekaru da aka kwatanta su da su, kuma da aka sake dubawa bayan shekara guda ƙwarewar ba ta zube ba. Duk mai cewa tsoho ba ya koyon sabon abu bai taɓa koyar da shi ba.

Kuma kada bitar ta tsaya a kan gyaran kuskure. Dabarun da ake koya wa direbobin 'yan sanda da na motar asibiti sun fi amfani ga dattijo fiye da kowa, domin jigonsu shi ne hangen nesa, wanda ke saya wa mutum lokacin da jikinsa ya fara rage masa. A koya masa ya ɗaga ido ya karanta hanya har iya ganinsa, ya daina kallon bayan motar da ke gabansa kawai. A koya masa ya gama rage gudu da zaɓen giya kafin ya shiga kwana, ya bar tazarar daƙiƙa uku ko huɗu, ya tsara tafiyarsa ta yadda zai bi ta shataletale ko wurin da ke da fitilar ba da hannu, ko da zagaye ne, maimakon ratsa babbar hanya. Dabarar da na fi so ita ce a sa mutum ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki yana tuƙi: ga bas ta tsaya, wani zai iya fitowa ta gabanta, ga tayar waccan motar ta karkato, za ta fito, ga yara a gefe. Da farko dattawa kan ji nauyin yi, amma in bakinsu ya buɗe sai ka sha mamakin abin da shekara 50 a kan hanya ta tara musu. A nan kuma malami yake jin abin da ba su ambata ba, wanda shi ne abin da ba su gani ba.

Sharaɗin da komai ya rataya a kansa shi ne sirri. Rahoton bita ya zama na mai shi, kada ya tafi ofishinku, kada ya tafi kamfanin inshora. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar da aka ji cewa wani ya je bita ya dawo babu lasisi, ranar ce za ku daina ganin kowa. Na san za ku tambaya: to in malami ya ga wanda bai kamata ya sake hawa titi ba fa? Yana faruwa, kodayake ba da yawa ba. Irin wannan a gaya masa gaskiya a fuskarsa cikin mutunci, a tura shi wurin likita da cibiyar gwaji ta musamman, kuma dokokin da ke hana mai cutar mantuwa ko farfaɗiya tuƙi suna nan suna aiki a kan kowa, ko shekarunsa nawa. Hanyar rashin lafiya daban, hanyar bita daban. In kuka gwama su, duka biyun za su lalace.

Wuri ɗaya ne nake goyon bayan tilas ba tare da jan ƙafa ba, shi ne ido. A Birtaniya lasisi yana ƙarewa a shekara 70, daga nan ana sabuntawa duk shekara uku, kuma an daɗe ana dogara da abin da direba ya faɗa da bakinsa game da ganinsa, cewa yana iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. A watan Afrilun 2025 wani jami'in binciken musabbabin mutuwa a yankin Lancashire ya yi kakkausar suka ga wannan tsari, bayan ya binciki mutuwar mutum huɗu da direbobi masu raunin gani suka kaɗe. Mutum ba ya iya zama alƙalin idonsa. Gilakoma, wato hawan jinin ido, tana cinye gani daga gefe ba tare da ciwo ba, yanar ido kuma tana sauka a hankali har mutum ya saba da hazon. Gwajin ba ya cin lokaci, kuma sau da yawa ƙarshensa sabon tabarau ne ko ƙaramin aiki. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa masu yanar ido da aka yi wa aiki, haɗarinsu ya kai kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba. Ku wajabta shi a kowane sabunta lasisi, ga babba da yaro, sai dai a riƙa matso da wa'adin yayin da shekaru ke ƙaruwa. A haɗa da tambaya a kan magunguna, domin maganin barci, da wasu na mura da ƙaiƙayi, da masu ƙarfi na kashe ciwo, duk suna sa gyangyaɗi, kuma mai ciwon suga da ke allurar insulin yana buƙatar sanin alamun faɗuwar suga kafin ya tayar da mota.

Sannan ku buɗe hanya ta tsakiya. Bai kamata zaɓin ya zama ko lasisi cikakke ko babu ba. A New South Wales, wanda ya kai shekara 85 yana iya karɓar lasisi mai iyaka, na zirga-zirga a kewayen unguwarsa, maimakon shiga gwajin tuƙi. Japan, daga watan Mayun 2022, ta fito da lasisin da ya taƙaita mutum ga motoci masu na'urar taka birki da kansu, kuma gwajin tuƙin da ta wajabta wa masu shekara 75 zuwa sama ya shafi waɗanda aka kama da wasu laifuffukan hanya ne kawai. Wannan ya fi kusa da adalci, domin abin da mutum ya aikata ne ya jawo masa gwajin. Lasisin rana kawai, ko wanda ya hana hawa babbar hanya, zai bar mutum ya kai kansa asibiti da wurin 'yan'uwa na wasu shekaru.

Abin da zai fi ba ku wahala shi ne samun malaman. Wanda ya saba da 'yan shekara 18 ba lallai ya iya zama da wanda ya girmi mahaifinsa ba. Dattijo ba a yi masa tsawa, ba a kama masa sitiyari sai dole, kuma in za a gyara masa abu ana farawa da abin da ya iya. Ku horar da su, ku tantance su, ku sa musu ido, don kada abin ya rikiɗe ya zama wata takardar da ake biya a karɓa ba tare da an tayar da mota ba. Ku zauna da kamfanonin inshora a kan ragi ga duk wanda ya halarta, shaidar halarta kawai za a nuna musu. Ku sa takardar gayyata a cikin sanarwar sabunta lasisi, da lafazin girmamawa, ku ba likitoci da masu gwajin ido su riƙa miƙawa.

Ranar ajiye makulli tana zuwa ga duk wanda ya yi tsawon rai, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2016 sun nuna cewa daina tuƙi yana kusan ninka haɗarin shiga ciwon damuwa ga tsofaffi. A yanzu nauyin wannan magana yana kan 'ya'ya, waɗanda ko dai su yi shiru saboda kunya, ko su ɓoye makulli a yi ta rigima a gida. Dattijon da ya saba zuwa bita duk bayan shekara biyu ko uku yana da rahotanninsa a hannu, yana ganin yadda abin ke sauka da idonsa, kuma akwai wani na waje da ya yarda da shi wanda zai ce masa, “Baba, tuƙin dare ya isa haka,” daga baya kuma ya ce masa lokaci ya yi. Ina roƙon ku fara da gwaji a birni ɗaya ko biyu, ku ɗauki malamai kaɗan, ku bi diddigin waɗanda suka halarta na 'yan shekaru, sannan ku wallafa abin da kuka gani kowa ya karanta.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani malamin koyar da tuƙi